Zakariya'u Ya Faɗa

"Kun ji an kashe Ɗanlami?"

"Wane Ɗanlami?"

"Mai walda mana, na bayan tasha. Mai ƙirjin nan kamar ƙyauren garaji."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Jiya-jiyan nan na wuce shi yana feshin wuta a kan wata taga."

"Jiya ka ce. Ni maganar yau nake yi maka."

"Wa ya gaya maka?"

"Zakariya'u ya faɗa."

"Zakariya'u na rediyo? Da bakinsa?"

"Ga ta nan a salula, in kana so ka ji."

"A'a, bari, ba sai na ji ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe ne jana'izar?"

A teburin wani mai shayi aka yi wannan magana, a bakin kasuwar Dole, wata Alhamis da hantsi. Mai musun bai ƙarasa shayinsa ba. Ya ture kofin, ya tafi gida sake riga. Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san abin da ya kashe musun nan take. A garin nan ana iya ƙaryata likita, ana iya ƙaryata wanda ya rantse cewa da idonsa ya gani, amma ba a taɓa jin wanda ya ƙaryata Malam Zakariya'u mai karanta sanarwar rasuwa ba.

Mutumin unguwar Birni ne, ɗan wani maɗinkin hula. Gajere, siriri, da tsohon keke mai kwando a gaba. Baƙi da yawa sun zo gidan rediyonmu neman sa, suka wuce shi a bakin ƙofa suna tambayar mai gadi ina babban mutumin nan yake. Muryar ce ba ta yi kama da mai ita ba. Daga ƙasa take tasowa, a hankali, kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi. Kuma tana da wani ɗan tsayawa kafin sunan mamaci, numfashi guda, wanda a cikinsa matan gari suke sakin muciya, teloli su ɗaga ƙafa daga keken ɗinki.

Tun ana ɗaukar magana a kaset ya shigo gidan, yana shara da aike. Wata rana mai karanta sanarwa bai zo ba, ga mutane tsaye da rasuwa, rana tana yi. Aka ce wa ya yi lakwal, wato boko, a cikinku? Zakariya'u ya jingine tsintsiya. Da ya gama karantawa, mai kula da na'ura ya cire abin kunnensa ya ce shi bai san mamacin ba, amma wallahi ji yake kamar kawunsa ne ya tafi. Daga ranar ba a sake ba shi tsintsiya ba.

Yana da ƙa'idarsa, ba kuma direkta ne ya kafa masa ita ba. Ba ya karɓar rasuwa ta waya. Sai wani na gidan ya tako da ƙafarsa, ya zauna a bencin da ke ƙofar situdiyo, ya amsa tambayoyi. Wa ya ga gawar? Ɗan wane ne? Uwarsa fa, 'yar wane gari ce? Ina za a yi salla, kuma yaushe? Ya san yadda ake jera dangi, wa kafin ƙane, na uba kafin na uwa. In mai kawo sanarwa ya manta wata gwaggo da ke aure a Zermu, shi zai tuna masa. "Sa ta," zai ce. "In ba ta ji garinta ba, ba za ta zo ba, kuma ba za ta yafe muku ba."

Ban da rasuwa ba ya karanta komai. Masu maganin basir sun nema, 'yan siyasa sun nema lokacin zaɓe, wani Alhaji Bakano mai atamfa ya yi ta sintiri har ya gaji. Mu masu wasan kwaikwayo mun roƙe shi ya yi mana alƙali ko da sau ɗaya ne. Amsarsa ba ta canzawa: "Muryar nan tana da miji, ba ta zuwa zance." Ko a gida ba ya yawan ɗaga ta. Ana ba da labarin ranar sunan ɗansa na fari, da murna ta kwashe shi ya leƙa tsakar gida ya ce, "Ana sanar da jama'a," don ya faɗi sunan jariri. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Daga nan ya bar wa maroƙi aikinsa.

Sumayya 'yar ƙanensa ce, marigayi. A hannunsa ta tashi, shi ne ma ya karanta rasuwar ubanta, muryarsa ba ta yi rawa ba. Tana jami'a, tana karatun aikin jarida da sadarwa. A shekararta ta ƙarshe mushensu, wato malaminsu, ya raba su ƙungiya-ƙungiya ya ba su aiki. Kowace ƙungiya ta ƙirƙiro fim na 'yan daba, irin waɗanda a nan muke ce wa 'yan pale, samarin nan masu ɗaga ƙarfe da yawo da adda. Ba fim ɗin za su yi ba. Yadda za a tallata shi za su tsara: babban hoto na mannawa a bango, da gajeriyar talla ta murya, da bayanin su wa ake so su kalla da yadda za a ja hankalinsu.

Hoto bai ba su wuya ba. Ɗanlami mai walda ya yi zamaninsa a pale, ya bari tun da daɗewa, ya yi aure, yana ƙera ƙofofi da tagogi. Amma ƙirjin yana nan, da tabon sara a gefen wuya. Da suka je masa da maganar, dariya ya yi har ya cire gilashin walda.

"Sharaɗi ɗaya," ya ce. "Kada ku liƙa mini wani sunan banza. In za a yi suna, a yi da nawa."

Tallar murya kuwa Sumayya ce ta kawo dabarar. Fim ɗin da kisan jarumin zai fara, don haka tallar ta zo a siffar sanarwar rasuwa. Ga kuma mai sanarwar a gidansu yana cin tuwo.

Ya ƙi. Ta bari ya huce ta sake, ya sake ƙi.

"Baba, ba a rediyo za a sa ba. A aji za a kunna, mushe ya ji, ya ba mu maki, shi ke nan."

"In ji wa?"

"In ji ni. Salulata ce, ba ta kowa ba."

Uwargidansa ce ta karya shi, tana daga madafa. "Malam, yarinyar nan tun da ta zo gidan nan me ta taɓa roƙon ka? Ko ɗan kunne ba ta taɓa ce maka ba. Ka hana 'yan kasuwa, ka hana 'yan siyasa, ita ma ɗin takara ta tsaya?"

Da yamma suka zauna a zaure. Ta miƙa masa abin da suka rubuta. Ya karanta a zuci, ya ɗago.

"Mene ne wannan? 'An kashe shahararren ɗan pale, gari ya girgiza, wa zai ɗauki fansa.' Wannan ai ba sanarwa ba ce, gulma ce. Ɗan wane ne shi?"

"Baba, fim ne fa."

"To a fim mutum ba shi da uwa? In za ku yi abu ku yi shi daidai, kada mushenku ya ce a gidan Zakariya'u aka yi wannan shirme. Kira shi."

Ta kira Ɗanlami. Ana jin ƙarar injinsa da dariyarsa, ya faɗi sunan ubansa, ya faɗi na uwarsa da garinta, har da inda sauran dangi suke. Malam ya jera su yadda ya saba. Ya ga babu lokacin jana'iza, ya ce sanarwar da ba ta da lokacin jana'iza ba ta cika ba, ya sa. Abin da ya kafe a kai shi ne ba zai buɗe da innalillahi ba, ba zai rufe da addu'a ba, don ba ya ɗora sunan Allah a kan wasa. Sannan a ƙarshe sai ya faɗi da bakinsa cewa talla ce. Ya gyara zama, ta danna.

"Ana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan Damagaram, da Gidimuni, da Zermu, da Damagaram Takaya, rasuwar," sai numfashin nan guda, "Ɗanlami mai walda, ɗan marigayi Mala Bukar, ɗan Ya Kaltuma ta Gidimuni, wanda wasu suka sara a kan hanyarsa ta zuwa aiki. Za a yi jana'iza yau bayan sallar la'asar, a ƙofar gidansa." Ya ɗan dakata. "Jama'a, wannan ba gaskiya ba ne. Tallar fim ce ta 'yan makaranta."

Sumayya ta ce tsikar jikinta ta tashi, ita da ta san ƙarya ce.

A ƙungiyarsu akwai Yusuf, gwanin haɗa sauti, shi ta tura wa. Shi kuwa ya riƙe darasin mushe da kyau. An koya musu cewa talla ta farko ba ta faɗin abin da take sayarwa. Tada hankali take yi, ta bar mutum da tambaya, sai ta biyu ta zo da amsa. An kuma ce kowace ƙungiya ta gwada tallarta a kan mutane ta ga yadda za su karɓe ta. Yusuf ya yanke maganar ƙarshen ya ajiye ta don talla ta biyu. Ranar Alhamis da safe ya tura ta farkon cikin zauren wasap na samarin unguwarsu, da niyyar da azahar ya bi ta da hoton da sauran bayani. Ya kashe salula ya shiga jarrabawa.

Alhamis ce ranar babbar kasuwa. Duk motar da ta sauke kaya ta juya ƙauye, da muryar ta juya. Aka leƙa bayan tasha, shagon walda a rufe. Aka kira lambarsa, ba ta shiga, don tun asuba ya ɗaure injinsa a bayan moto, wato babur, ya tafi wani ƙauye gaba da Mirriya sa ƙofar masallaci, can inda babu rezo, waya ba ta kamawa. Wani ya ce, "Allah sarki, Alhamis ya zo duniya, Alhamis ya koma." Ba wanda ya lura babu innalillahi a farkon maganar. Har yau akwai masu rantsuwa cewa sun ji ta.

Malam Zakariya'u yana rumfar mahauta yana jiran a yanka masa nama, sai ya ji ta. Mahaucin yana cikin 'yan kaɗan da suka san fuskarsa.

"Malam, ga ka ga muryarka. Yanzu muke ji. Su wa suka yi wannan ɗanyen aiki?"

Ya tsaya yana sauraren kansa. Gidimuni, Zermu, numfashin, sunan. Bai firgita ba tukuna, don ya san abin da ke tafe. "A ƙofar gidansa," in ji muryar. Ya jira maganar ƙarshe. Salular ta yi shiru. Wani daga baya ya ce a sake kunnawa, shi bai ji farkon ba. Aka sake.

Mahaucin ya ce bai taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Malam ya bar naman a kan teburi, ya hau keke.

A gidan rediyo wayoyi suna ta kuka. Bai gaida kowa ba, ya shige situdiyo ana tsakiyar shirin gaishe-gaishe, ya janye makirufo daga gaban Sa'adatu mai gabatar da shirin. Ranar aka fara jin muryar nan tana sauri, tana tuntuɓe. "Jama'a, sanarwar nan, wadda ke yawo, ni na yi, amma ba haka ba ne. Ɗanlami bai mutu ba. Wasa ne, na makaranta." Mu da ke bayan gilashi muka kalli juna. Ba ta yi kama da tasa ba. Wasu a gari suka ce ba shi ba ne, wasu suka ce shi ne amma tilasta shi aka yi.

Kafin nan abin ya riga ya yi nisa. Tsofaffin abokan Ɗanlami na pale, waɗanda yanzu wasu 'yan kabu-kabu ne wasu 'yan dako, sun taru a wani lungu. An fito da addunan da aka daɗe da ɓoyewa, ana tuno wa da wa suka taɓa faɗa da shi. Wasu sun tafi asibiti neman gawa, wasu komisariya wajen 'yan sanda. Samarin unguwa sun ɗauki diga da shebur sun wuce maƙabarta, tun da an ce bayan la'asar. Motar Gidimuni kuma tana hanya, da Ya Kaltuma a gaba, mata suna riƙe da ita.

Malam ya isa ƙofar gidan Ɗanlami bayan azahar. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Labarin ƙaryatawar ya riga shi zuwa, ana ta jan sa ƙasa-ƙasa.

"An ce ba gaskiya ba ne."

"Wa ya ce?"

"Zakariya'u."

"To wa ya ce ya rasu?"

"Zakariya'u."

Don haka ba wanda ya tashi, ba kuma wanda ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Malam ya jingine keke, ba wanda ya kula shi. Ya ce, "Salamu alaikum." Kawuna suka juyo gaba ɗaya, a cikin gida kuma kukan mata ya tashi sabo.

Ya yi bayani a tsaye, iyakar abin da ya sani. Limamin unguwa ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Mun ji, Malam. To ina yake?"

Malam ya sa aka sake kiran lambar, ba ta shiga. Matar Ɗanlami ta ce ya fita tun asuba bai faɗi inda za shi ba. Ita kam tsofaffi sun riga sun cire mata 'yan kunne da awarwaro, sun zaunar da ita a ƙuryar ɗaki. Malam ya samu gefen tabarma ya zauna cikin zaman makokin da shi ya tara. Daga baya ya gaya mana cewa da rana ta karkata, shi ma ya fara tunanin ko bakinsa ne ya kama mutumin a hanya.

Ana kiran la'asar moto ya shigo layin, da injin walda ɗaure a baya. Ɗanlami ya ga tabarmi a ƙofar gidansa, ya ga motar garinsu, ya diro ya saki moton a ƙasa.

"Wa ya rasu? Inna ce? Ku gaya mini mana, Inna ce?"

Wani tsoho da ke kusa da shi ya ja da baya a zaune, ya ce, "Kai ne."

Na bakin titi suka watse, wasu ba takalmi. Ya Kaltuma ta fito ba mayafi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Ta kama kunnuwansa, ta shafa tabon wuyansa, ta juya tafin hannunsa tana dubawa kamar mai sayen ƙwarya. Sannan ta zauna a ƙasa riƙe da wuyan hannunsa. Aka aika da gudu a tsayar da na lungu da addunansu. Na maƙabarta suka dawo da ƙasa har gwiwa suka ce sun gama. Kabarin ya kwana a buɗe, washegari aka sa wani bawan Allah a ciki.

Da aka ɗan natsu aka kai Malam gabanta. Ya durƙusa.

"Kai ne Zakariya'u?" ta ce. "Ashe ɗan ƙarami ne kai." Ta dube shi sosai. "Uban yaron nan a asibitin garin nan ya cika, ina Gidimuni ina shanya barkono, kai ka gaya mini. Yayata ta Zermu, kai ka gaya mini. Ban taɓa cewa a je a tambayo ba. In ka faɗa, mayafi nake nema. Yau ma da na ji ka ban tambayi kowa ba."

"Ya Kaltuma, ki yafe..."

"Yi shiru, ba na son jin ta yanzu." Ta ƙara damƙe hannun ɗanta. "Na yafe, ba wannan ce maganar ba. Ni tsohuwa ce, mutanena suna ta tafiya. Gobe in ka faɗi wani, wa zan tambaya ko gaskiya ne?"

Ba a kore shi daga aiki ba. Direkta ya ce laifin na yara ne. 'Yan sanda suka kira Yusuf da Sumayya suka yi musu tatas, mushe ya zo da kansa yana rantsuwa cewa shi a allo kawai ya koyar da abin. Yusuf ɗin, da ya kunna salula bayan jarrabawa ya ga abin da ke ciki, sai da aka yayyafa masa ruwa. Sumayya ta daɗe ba ta haɗa ido da Babanta ba, shi kuma bai ce mata uffan ba, ko na faɗa. Ɗanlami ne kaɗai abin ya yi wa rana. Ana zuwa shagonsa kallon wanda ya dawo, wasu su tafi da taga.

Malam ya koma bencinsa da tambayoyinsa. Muryar ta koma yadda take, ba abin da ya ragu a cikinta. Amma yanzu da ya rufe makirufo sai waya ta yi ƙara.

"Gidan rediyo ne? Wannan da aka faɗa yanzu, ta gaske ce ko ta fim?"

Da farko masu tsokana ne. Daga baya muka gane yawancinsu da gaske suke tambaya, mutanen ƙauye ne da ba sa so su bar gona su hau mota a banza. Samari suka koyi yanka muryarsa suna liƙa sunayen abokansu, ana turawa ana dariya. Alhajin nan Bakano mai atamfa ya dawo da fara'arsa. "Malam, na ji an ce matar ta fara fita zance." Malam ya miƙe ya bar masa bencin.

Sai kuma wani tsohon magini ya rasu a Zango, mutumin da ya gina rabin unguwar. Malam ya karanta. Waɗanda suka tsaya masa salla ba su wuce na gidansa da maƙwabta ba. Da yamma mutane suka yi ta zuwa da kunya, kowa da magana guda: "Mun ji, muna jiran mu tabbatar ne." Wannan ta fi ta ranar Alhamis ɗin taɓa shi. Ya zo da safe ya zauna, ya ce, "An binne mutum ba jama'a saboda ni." Muka ce ya yi haƙuri, mutane za su manta. Ya dube mu kamar da wani yare muka yi magana.

Bayan girbi, wata safiya, moto ya tsaya a ƙofar gidan rediyo. Ɗanlami ne, ba inji a baya. Ya zauna a bencin ba a ce ya zauna ba. Idonsa ya isa bayani.

"Inna ce, Baba. Da asuba, a Gidimuni. Ta kwana biyu ba lafiya."

Malam ya yi innalillahi a hankali, ya ciro alƙalami. "Wa ya ga gawar?"

"Ni. A hannuna ta cika. Na shigo ɗaukar iyali da likkafani ne."

"Salla fa?"

"Bayan la'asar, don na Zermu da na Takaya su samu isowa. Tsofaffin ba su da salula, Baba, rediyo kawai suke ji. Ta ce in ta tafi a gaya musu da wuri. Ba ta so a sa ta ba mutane."

Malam ya jera sunayen, wa kafin ƙane. Ya bi abin da ya rubuta a zuci, leɓɓansa suna motsi. Damagaram, Gidimuni, Zermu, Damagaram Takaya. Ɗanlami mai walda. Ya Kaltuma. Bayan sallar la'asar. Garuruwan nan ne dai, sunayen nan ne, lokacin nan ne, sai dai an sauya wanda ya tafi da wanda ya rage. Ya ɗago ya dubi Ɗanlami. Ɗanlami ya sunkuyar da kai yana murza makullin moto. Bai ce kada a karanta ba, bai kuma ce a karanta ba.

A cikin situdiyo Sa'adatu tana ƙarasa gaishe-gaishe, tana miƙa gaisuwar wata amarya ga ƙawayenta, da muryar nan tata mai dariya a ciki ko ba dariya take yi ba. Ba ta taɓa karanta rasuwa ba. Ko ta maƙwabcinta ce, tashi take yi ta bar masa kujera. Jar fitilar da ke nuna shiri na kan iska ta mutu, ta ɗauki jakarta, ta taso don ta ba shi wuri kamar kullum.

Malam ya tare ƙofar. Ya miƙa mata takardar da hannu biyu.

"Malam, lafiya? Lokacinka ne ai."

"Koma ki zauna, 'yata. Ki sassauta murya, kada ki yi sauri, in kin zo sunanta ki ja numfashi guda. In ni na faɗa za su tsaya tambaya, har a sa ta ba su zo ba. Don Allah ki karanta mini wannan."